Yadda Ake Amfani da Waya da Kwamfuta Wajen Warware Jingar Lissafi, da Yadda Ake Tantance Amsar

Ɗalibin da ke babbar sakandare, ko wanda ya shiga shekarar farko a jami'a, a yau yana da gatan da yayyensa ba su samu ba. In malami ya ba da jinga a darasin lissafi, sai ya ɗauko waya, ya haska tambayar da kyamara, kafin ƙiftawa da bismilla amsa ta fito. Photomath ce ta yi fice a wannan aiki. Akwai kuma GeoGebra, Desmos da Wolfram Alpha, kowacce da inda ta fi ƙarfi, kuma yawancin abin da ɗalibi ke nema a cikinsu kyauta ne.

Sai dai duk wanda ya taɓa rubuta manhaja ya san hali guda na kwamfuta: tambayar da aka shigar mata take amsawa, ba wadda ke cikin littafi ba. In aka sami saɓani tsakanin biyun, ba za ta ce uffan ba. Za ta ba da amsa tsaf, ɗalibi ya kwafe, washegari malami ya ja masa jan biro, shi kuwa ya rasa ta inda aka hau. Ga kuma ɗakin jarrabawar WAEC ko NECO da ba a shiga da waya. Don haka wannan darasi zai bi misalai na aljabara, kalkulas da ƙididdiga, a ga inda ake yawan zamewa, da hanyar da ɗalibi zai tantance amsa da kansa, ko ta fito daga na'ura ko daga kansa.

Shigar da tambaya

Kurakurai da yawa tun a wurin rubuta tambayar ake yin su, tun kafin a fara lissafi. A littafi ana rubuta 8 + 4 a sama, a ja layi, a rubuta 2 + 1 a ƙasa. Amsa 4 ce, domin 12 aka raba gida 3. Wanda ya danna 8+4/2+1 a kalkuleta kuwa 11 zai gani, saboda na'ura ta fara raba 4 da 2 kafin ta tara sauran. Layin da ke littafi yana aikin baka ne a ɓoye, don haka dole a rubuta (8+4)/(2+1).

Akwai wani da ya fi wannan ɓoyuwa. A rubuta =-3^2 a Excel, zai ba da 9. A rubuta -3**2 a Python, zai ba da -9, kuma wannan ita ce fahimtar da littattafan lissafi ke bi: a fara ninka 3 da kanta, sannan a maƙala alamar ɗebewa. Excel ya ɗauki alamar a matsayin ɓangaren lambar. Maganin abin shi ne a sa baka a faɗa wa na'ura abin da ake nufi, ko (-3)^2 ko -(3^2). A Python kuma alamar ^ ba ta nufin fawa kwata-kwata. Wanda ya rubuta 2^3 yana jiran 8, sai ya ga 1, domin alamar tana gwama lambobin ne a tsarinsu na sifili da ɗaya. Taurari biyu, wato 2**3, su ne fawa.

Sauran biyu da ya kamata a riƙe: kalmar log a kalkuletar Casio da Excel tana nufin mai tushe 10, amma a Python da Wolfram Alpha tana nufin abin da littafi ke rubutawa ln. Sannan kusurwa: sin 30 a digiri 0.5 ne, amma math.sin(30) a Python yana ba da kusan -0.988, saboda shi da radiyan yake aiki. A kalkuleta akwai ƙaramin harafi a saman fuskar, D ko R, mai nuna wanne aka zaɓa. Duba shi kafin a fara aiki ba ya cin daƙiƙa biyu.

Aljabara

Sunan wannan fanni ba baƙo ba ne ga kunnen Bahaushe. Daga kalmar Larabci aljabr ya samo asali, wadda ke cikin sunan littafin da Muhammad ɗan Musa Alkhawarizmi ya rubuta a Bagadaza wajen shekara ta 820 Miladiyya. Aljabr shi ne mayar da abin da aka ɗebe zuwa ɗaya ɓangaren, almuƙabala kuma soke abubuwan da suka yi kama a ɓangarorin biyu. Daga sunan malamin ne kuma aka samo kalmar algoridim da masu manhaja ke ta ambata.

Abin da na'ura ba ta cika yi wa ɗalibi daidai ba shi ne mayar da zance ya zama ikweshan. Ga misali: wani ya sayi caja 3 da iyafis 2 a kan naira 13,000, abokinsa ya sayi caja 1 da iyafis 4 a shago guda a kan naira 11,000. Nawa ne kuɗin kowanne? A kira kuɗin caja c, na iyafis e.

3c + 2e = 13,000
c + 4e = 11,000

Daga layi na biyu, c = 11,000 − 4e. A saka wannan a layin farko: 33,000 − 12e + 2e = 13,000. Ke nan 10e = 20,000, e = 2,000, c kuma 3,000. Tantancewa ita ce a mayar da amsar cikin tambayar ta asali, ba cikin layin da aka riga aka sarrafa ba: 9,000 da 4,000 sun ba da 13,000, haka 3,000 da 8,000 sun ba da 11,000. Wanda ya duba layi ɗaya kawai bai gama ba, domin amsar kuskure tana iya dacewa da layi ɗaya ta saɓa wa ɗayan.

Misali na biyu: fili ne mai kusurwa huɗu, tsawonsa ya fi faɗinsa da mita 5, girmansa duka murabba'in mita 84. In faɗi x ne, to x(x + 5) = 84, wato x² + 5x − 84 = 0. Ana neman lambobi biyu da in an ninka su za su ba da −84, in an tara su kuma su ba da 5. Su ne 12 da −7. Don haka (x + 12)(x − 7) = 0, x ko dai 7 ko −12. Kowace manhaja za ta kawo amsoshin biyu, kuma ta yi daidai. Amma ba ta san fili ake magana ba. Ɗalibi ne zai ce babu fili mai faɗin −12, ya rubuta faɗi mita 7, tsawo mita 12. Yawanci akwai maki a kan wannan jimlar guda.

Akwai kuma amsar da ke kutsowa ba a gayyace ta ba. A ɗauki √(x + 2) = x. In aka ninka kowane ɓangare da kansa, za a sami x + 2 = x², wato x² − x − 2 = 0, amsa 2 ko −1. A gwada 2: √4 = 2, ta zauna. A gwada −1: √1 = 1, ba −1 ba, ta faɗi. Dalili shi ne ninka abu da kansa yana shafe bambancin 1 da −1, sai ƙofar ta buɗe wa baƙuwa. Kishiyar wannan ita ce amsar da ke ɓacewa: a x² = 5x, wanda ya raba ɓangarorin biyu da x zai sami 5 kawai, ya zubar da x = 0 bai sani ba, domin ba a raba abu da sifili. Hanyar da ta fi aminci ita ce a kwaso komai gefe guda, x(x − 5) = 0.

Nan ne Desmos ke da amfani sosai. A rubuta y = √(x + 2) a layi ɗaya, y = x a layi na biyu, za a ga layukan sun haɗu a wuri ɗaya tak, inda x yake 2. Ido ya ga abin da biro ya ɓoye.

Kalkulas

Isaac Newton a Ingila da Gottfried Leibniz a Jamus ne suka gina wannan fanni a ƙarni na 17, kowa da hanyarsa. Alamar dy/dx da ɗalibai ke rubutawa ta Leibniz ce, wanda ya wallafa aikinsa a 1684. Sunan yana tsorata mutane, amma tambayoyi biyu ne kacal a ƙarƙashinsa. Ta farko: da wane sauri abu ke sauyawa a daidai wannan lokaci? Wannan shi ne difarenshiyeshan. Ta biyu: in an tattara ƙananan sauye-sauyen nan, nawa suka zama? Wannan shi ne intigireshan. Allurar gudu a gaban direba tana amsa ta farko, na'urar ƙirga kilomita tana amsa ta biyu.

Wanda ya fahimci ma'anar ta farko ya sami hanyar tantance kowace amsa da ƙaramar kalkuleta. A ce an tambayi dy/dx na y = (3x + 1)². Ɗalibi ɗaya ya sauko da fawa ya rubuta 2(3x + 1). Wani ya tuna cewa akwai abu a cikin baka da shi ma yake sauyawa, ya ƙara ninkawa da 3, ya sami 6(3x + 1). Wa ya yi daidai? A zaɓi x = 1. Amsar na farko ta ba da 8, ta na biyu 24. Yanzu a gwada da hannu. In x = 1, y = 4² = 16. A matsa x kaɗan zuwa 1.001, y ya zama 4.003², wato 16.024009. Bambancin 0.024009 ne, a raba shi da ɗan matsawar da aka yi, 0.001, sai a sami 24.009. Magana ta ƙare, na biyu ne da gaskiya. Wannan gwaji ba ya buƙatar intanet, ba ya buƙatar manhaja, kuma ana iya yinsa a ɗakin jarrabawa a gefen takarda.

Wani zai ce to me zai hana a yi amfani da matsawa mai ƙanƙanta ƙwarai don amsa ta fi dacewa? Na'ura tana da iyakar lambobin da take riƙewa. A Python, 0.1 + 0.2 yana ba da 0.30000000000000004, saboda ba a iya rubuta 0.1 daidai-wa-daida da sifili da ɗaya. In matsawar ta yi ƙanƙanta fiye da kima, irin wannan ɗan kuskure ne zai rinjayi amsar. 0.001 ko 0.0001 sun wadatar. Sannan in akwai sin ko cos a tambayar, dole kalkuleta ta kasance a radiyan, domin ƙa'idar da ta ce sin x yana komawa cos x a radiyan kaɗai take aiki.

Tambayoyin neman mafi girma ko mafi ƙanƙanta su ne suka fi kama da rayuwar yau da kullum. Mutum yana da wayar shinge mai tsawon mita 40, yana so ya kewaye wa awakinsa wuri a jikin katangar gida, don haka gefe uku kawai zai kewaye. Yaya zai yi wurin ya fi girma? In faɗin kowane gefe da ya fito daga katanga x ne, gefe biyu sun cinye 2x, saura 40 − 2x na gaba. Girman wurin A = x(40 − 2x) = 40x − 2x². A difarenshiyeta, dA/dx = 40 − 4x. A inda girman ya kai ƙololuwa, ya daina hawa bai kuma fara sauka ba, saurin sauyinsa sifili ne, don haka x = 10. Gaba mita 20, girma murabba'in mita 200. In aka sake difarenshiyetawa za a sami −4, ƙasa da sifili, wanda ke tabbatar da cewa ƙololuwa ce ba kwari ba. Gwajin maƙwabta ma yana nuna haka: x = 9 ya ba da 9 sau 22, wato 198, x = 11 ya ba da 11 sau 18, shi ma 198. Kuskuren da aka fi yi a nan ba na kalkulas ba ne. Ɗalibi ne ke manta katangar ya kewaye gefe huɗu, sai manhaja ta warware masa wata tambaya daban cikin ƙwarewa.

A intigireshan abin da ke rikita ɗalibi shi ne amsar waya ta bambanta da ta bayan littafi alhali duka daidai ne. In aka intigireta sin x cos x, wata hanya tana kai wa ga (sin²x)/2 + C, wata ga −(cos²x)/2 + C, wata kuma ga −(cos 2x)/4 + C. Kamar amsa uku, amma tunda sin²x + cos²x = 1, bambancin ta farko da ta biyu rabi ne kawai, lamba tsayayya, kuma C ta haɗiye shi. Wannan shi ne amfanin C da ake yi wa kallon ado. Hanyar tantancewa a nan mai sauƙi ce: a difarenshiyeta amsar, in ta dawo da tambayar, an dace.

Tarko na ƙarshe shi ne kalmar girman fili. A intigireta x³ daga −2 zuwa 2, amsa sifili ce. Amma in tambayar ta ce a nemo girman wurin da ke tsakanin layin da gindin giraf, amsa 8 ce. Ɓangaren hagu yana ƙarƙashin gindi, ya ba da −4, na dama ya ba da 4, suka cinye juna. Dole a raba aikin biyu a inda layin ya ƙetare gindi, a ɗauki girman kowanne ba tare da alamar ɗebewa ba. Wanda ya fara zana giraf ɗin a GeoGebra ko Desmos ba zai faɗa wannan rami ba.

Ƙididdiga

Ga makin ɗalibai biyar a gwaji: 4, 6, 7, 8, 10. Jimla 35, matsakaici 7. Don a auna yadda makin ya warwatsu, wato abin da ake kira sitandad dibiyeshan, a ɗebe 7 daga kowanne: −3, −1, 0, 1, 3. A ninka kowanne da kansa: 9, 1, 0, 1, 9, jimla 20. A raba da 5, an sami 4, tushensa 2. Amsa 2.

Sai ɗalibi ya shigar da lambobin a Excel da STDEV.S, ya ga 2.236, hankalinsa ya tashi. Babu wanda ya yi kuskure. Dabara biyu ce. In lambobin da ke hannu su ne dukkan abin da ake magana a kai, da n ake rabawa, kuma wannan shi ne STDEV.P. In kuwa samfur ne aka tsakuro daga babban taro, ana so a ƙiyasta warwatsuwar taron duka, da n − 1 ake rabawa: 20 a raba da 4 ya ba da 5, tushensa 2.236. Dalilin shi ne matsakaicin samfur daga cikin lambobin kansu aka fitar da shi, don haka ya fi kusa da su fiye da matsakaicin taron na gaskiya, sai warwatsuwar ta fito ƙasa da yadda take. Rage ɗaya daga n yana gyara wannan, kuma gyaran yana ɗauke da sunan Friedrich Bessel, masanin taurari ɗan Jamus. A lissafin sakandare da n aka saba rabawa, a darasin ƙididdiga na jami'a kuwa n − 1 ta fi yawa, don haka kalmomin tambayar ne abin dubawa. A kalkuletar Casio, σx ita ce mai n, sx mai n − 1. Masu Python su kula: statistics.stdev da pandas suna amfani da n − 1, amma numpy.std da n yake rabawa in ba a ce masa komai ba.

Matsakaici ma yana da nasa ruɗin. Masu sana'ar POS shida sun faɗi ribarsu ta rana: 3,000, 3,500, 4,000, 4,000, 4,500, sai na shida mai babban shago a bakin kasuwa, 41,000. Matsakaici 10,000 ne, alhali biyar daga cikinsu ko rabin haka ba su samu ba. Lambar tsakiya, wato midiyan, 4,000 ce, kuma ita ta fi bayyana halin da suke ciki. Kafin a ɗauki ta tsakiya dole a jera lambobin daga ƙarami zuwa babba, in kuma adadinsu ya rabu biyu daidai, a tara biyun tsakiya a raba biyu.

Haka nan ba a tara matsakaici biyu a raba biyu sai in taron biyu girmansu ɗaya. Aji mai ɗalibai 10 ya sami matsakaicin 80, aji mai 40 ya sami 50. Matsakaicin duka ba 65 ba ne. Jimlar makin ajin farko 800, na biyu 2,000, duka 2,800, a raba da 50, an sami 56.

Wace manhaja ga wane aiki

Photomath, wadda aka ƙirƙira a ƙasar Kuroshiya kuma yanzu mallakar Google ce, ta fi dacewa da aljabara da aka buga da injin. Rubutun hannu kuwa sai an duba abin da ta karanta, don 1 da 7, ko 5 da s, suna iya rikita ta. GeoGebra, wadda Markus Hohenwarter ya fara a 2001 a Jami'ar Salzburg ta ƙasar Ostiriya, tana aiki ko babu data bayan an sauke ta, abin da ke da muhimmanci ga wanda ke lallaɓa megabait. Wolfram Alpha, da aka buɗe a 2009, ta fi su zurfi a kalkulas, sai dai cikakken bayanin mataki-mataki na masu biyan kuɗi ne.

Manhajojin hira irin su ChatGPT sun iya bayani, kuma suna da amfani in ɗalibi ya ce su fayyace masa mataki guda da ya shige masa duhu. Amma suna iya zamewa a tsakiyar lissafi su ci gaba da magana cikin natsuwa kamar ba abin da ya faru. Duk gwaje-gwajen da aka kawo a sama sun fi wajaba a kan amsarsu.

Ga wanda ke koyon rubuta manhaja, SymPy ce ta fi armashi, domin tana lissafi da haruffa kamar yadda ake yi a allo. Ba sai da laftof ba. A wayar Android ana sauke Pydroid 3, a shiga sashen pip a saka sympy, ko a buɗe Google Colab a burauza. Layuka kaɗan sun isa a sake duba misalan wannan darasi:

from sympy import *
x = symbols('x')
print(solve(x**2 + 5*x - 84, x))
print(solve(sqrt(x + 2) - x, x))
print(diff((3*x + 1)**2, x))
print(integrate(x**3, (x, -2, 2)))

Layin farko na amsa zai nuna [-12, 7], na biyu [2], domin SymPy tana gwada amsoshinta ta watsar da baƙuwar. Na uku 18*x + 6, wanda shi ne 6(3x + 1) da aka buɗe masa baka, na huɗu kuma 0. A lura cewa solve tana ɗauka duk abin da aka ba ta daidai yake da sifili, shi ya sa aka kwaso komai gefe guda, kuma dole a rubuta 5*x da tauraro, ba 5x ba. Abu biyu ne SymPy ba ta rubutawa, malami kuma yana nemansu: ba ta ƙara + C, sannan in aka intigireta 1/x tana ba da log(x), inda littafi ke son ln|x| + C da sandunan nan biyu a gefen x.